Masu Yawon Tsaunuka a Kan Babur, Ku Ji Tsoron Gangara

A 'yan shekarun nan, da an shiga hutun Sallah ko na ƙarshen shekara, sai ka ga abokai biyar ko goma sun haɗa kuɗin mai, sun ɗaure jakunkuna a bayan babura, sun nufi tsaunin Mambila ko duwatsun Filato yawon buɗe ido. Kafin su dawo, hotunansu sun cika Facebook da TikTok: ga korayen tuddai iya ganinka, ga shanu suna kiwo cikin hazo, ga gonakin shayi na Kakara. Ba na cikin masu kushe wannan abu. Matashin da ya tashi ya je ya ga ƙasarsa da idonsa ya fi wanda ya wuni a majalisa yana jin labari. Abin da ke damuna shi ne yawancin masu wannan tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa suka koyi tuƙi, a Kano ko Katsina ko Maraɗi, inda mutum zai yi tafiyar yini bai haɗu da hawan da zai sa shi sauya giya ba. Hanyar dutse kuwa wani karatu ne daban, kuma ba ta yi wa ɗan koyo uzuri.

Mu ɗauki hanyar Mambila. Wanda ya taso daga Jalingo zai bi ta Bali, ya wuce Serti, ya isa Mayo Selbe a gindin tsauni. Daga nan hanya ke fara naɗewa tana hawa, kwana bayan kwana, dutse a gefe guda, rami mai zurfi a ɗaya gefen, har a kai Maisamari, sannan Nguroje, sannan Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna. Tsayin wannan tsauni a matsakaici ya kai mita 1,600 daga doron teku, kuma a wannan yanki ne Chappal Waddi yake, ƙololuwar da ta fi kowace tsayi a Najeriya, mai mita 2,419. A Filato kuwa, duk direban da ke bin hanyar Akwanga zuwa Jos ya san Hawan Kibo a ƙaramar hukumar Riyom, kuma ya san ba don kyan magangarar ruwa ta Assop kaɗai wurin ya yi suna ba. Manyan motoci da yawa birki ya tsinke musu a wannan gangara, rayuka kuma sun salwanta.

Baƙo yakan ji tsoron hawa. Gaskiya ne babur yana wahala a sama, domin iska tana raguwa gwargwadon tsayi, injin kuma da iska yake ƙona mai. A tsayin Mambila ƙaramin babur mai kabireta yakan rasa kusan kashi 15 cikin 100 na ƙarfinsa, sai ka ji kana murɗa totur yana nishi, musamman in da goyo da kaya. To amma iyakar abin ke nan, ka sauko giya ta biyu ko ta ɗaya, ka lallaɓa, ka isa. A dawowa ake samun gawa.

Akwai wata ɗabi'a da ta zama jiki ga masu babura a garuruwanmu, wato sakin firi. Da an ga 'yar gangara sai a cire giya, wani ma ya kashe injin ɗungurungum don ya yi tsimin mai. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 abin ya ƙaru, kuma kowa ya san dalili. A gangaren gada a cikin gari ana yi ana tsira. A kan tsauni kuwa sayar da rai ne a kan man da bai cika kofin shayi ba.

Ga yadda abin yake. Birki yana tsayar da babur ne ta hanyar guga, guga kuma zafi take haifarwa. Irin baburan da muka fi hawa, su Boxer da Jincheng da makamantansu, birkin yawancinsu a cikin hob yake, a rufe, iska ba ta ratsa shi sosai. In mutum ya cire giya a doguwar gangara, nauyinsa da na babur da na kaya duk ya koma kan birki kaɗai. Yana taka shi ba ɗagawa, hob yana ɗaukar zafi, har a kai matsayin da zai taka iya ƙarfinsa babur bai san ana yi ba. Mai birkin dis ma bai tsira ba: in man birkin ya tsufa ya sha danshi, zafi yana iya tafasa shi, sai hannun birki ya yi laushi ya manne da kan babur. Kuma wannan ba ya faruwa a farkon gangara inda mutum ke da natsuwa, sai an yi nisa, gudu ya ƙaru, kwana tana gabansa. A lokacin ne wasu ke ƙoƙarin cusa giya da ƙarfi, tayar baya ta cije, babur ya watsar da su. Ƙari a kan haka, a ƙananan babura da yawa fitilar gaba da injin take aiki, in ka kashe shi cikin hazo ka kashe fitilarka.

Maganin wannan ba ya cin ko sisi. Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauko. Ka bar injin a kunne, ka saki kuloci, ka rage totur, injin da kansa zai riƙe babur. Birki kuwa a taɓa a saki, a taɓa a saki, don ya samu sararin hucewa. In ka ji ƙaurin ƙuna ko ka ji birki ya fara nisa, nemi wuri mai fili ka tsaya ya huce da kansa, kada ka watsa masa ruwan sanyi. Sai maganar birkin gaba, wanda da yawa daga cikinmu aka tsoratar da su tun suna koyo cewa yana kifar da mutum, har wasu ke barin wayarsa a tsinke wata da watanni. Alhali mafi yawan ƙarfin tsayawa, kimanin kashi 70 cikin 100, daga gaba yake zuwa, a gangara ma ya fi haka tunda nauyi gaba yake rinjaya. Abin da ke kayar da mutum shi ne damƙe shi farat ɗaya, ko matsa shi a tsakiyar kwana ko a kan tsakuwa. A koyi matsa shi a hankali tare da na ƙafa, kuma a koya a filin unguwa kafin ranar tafiya.

Kwana kuma tana da nata ladabin. Ana rage gudu ne kafin a shige ta, ba a cikinta ba. Idonka ya kasance a inda kake son zuwa, domin babur inda ido ya kalla yake bi. Wanda ya ƙura wa rami ido, ramin zai nufa. Ka tsaya a hannunka ko da kana jin hanya shiru, ka yi oda kafin kwanar da ba ka ganin bayanta. Motar katako ko ta shanu da ke saukowa daga Mambila ba ta iya shan kwana ba tare da ta ci hannun wani ba, kuma direbanta ba zai iya tsayawa dominka ba ko yana so. In ka ga an jera ganye a kan kwalta, mota ce ta lalace a gaba. Bayan an gyara ta an tafi, sau da yawa duwatsun da aka yi mata weji da baƙin man da ta zubar suna nan suna jiran mai ƙafa biyu. Kashin shanu bayan yayyafi ma santsinsa ya isa ya kayar da gwani.

Yanzu sai in zo kan abokai, domin rabin haɗarin daga nan yake. Mutum shi kaɗai yakan ji tsoro ya sassauta. Cikin abokai kuwa kunya ce ke tuƙi. Na gaba ya ba da wuta, na biyu ba ya son a ce masa matsoraci, na ƙarshe wanda bai fi wata shida da sayen babur ba yana ta kokawar kada a bar shi a daji. Shi ne yawanci ke faɗuwa, kuma sai sauran sun yi nisa kafin su lura babu shi. Tun a gida ya kamata a yanke magana: wanda ya san hanya kuma ya fi kowa haƙuri shi ne a gaba, wani gogagge mai kayan gyara shi ne a baya, sababbin hannu a tsakiya. A kan dutse a bi layi ɗaya, a bar tazara mai yawa, ba a jerawa kafaɗa da kafaɗa ana hira. A sa wuraren haɗuwa, a ce duk wanda ya riga isa Maisamari ya jira, don kada kowa ya ji dole sai ya kamo wani. Wanda kuma ya ce ya gaji, a tsaya, ba tare da an mayar da shi abin dariya ba.

Waya ita ce sabuwar masifa. Hannu ɗaya a kan babur, ɗaya yana ɗaukar bidiyo, fuska tana kallon kyamara. Wasu kuma su faka a tsakiyar kwana saboda nan ne hoto ya fi kyau, daidai inda mai saukowa ba zai gan su ba sai ya zo kansu. Tsaunin nan ba gudu zai yi ba, a nemi fili a sauka daga kwalta a yi hoton. Game da masu haɗiyar tiramadol ko wata ƙwaya wai don kada su gaji, magana ɗaya ce: kada a tafi da su, ko da ɗan ɗakinku ne.

Hular kwano kuwa mun daɗe muna wasa da ita. Lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya ta a watan Janairun 2009, an ga masu kifa ƙwarya da robar fenti a ka don su wuce jami'ai. Aka yi dariya, aka manta. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa hular kwano mai inganci, in an sa ta daidai, tana rage haɗarin rauni a ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin 100. Sharaɗin shi ne a ɗaure igiyarta a haɓa, in ba haka ba ita za ta riga ka tashi. Hular leburorin gini ba ta wannan aiki ba ce. A haɗa da takalmi rufaffe, safar hannu da jaket mai kauri. Babbar riga da silifas a ajiye su a jaka sai an isa masauki, domin bakin riga ko mayafin goyo yana iya shiga cen ko sifok.

Jaket ɗin nan yana da wani amfanin. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6 zuwa 7, kuma tsakanin Serti da Nguroje akwai fiye da haka. Mutum zai bar ƙasa yana gumi, ya isa sama yatsunsa sun ƙage ba sa iya matsa birki. Damina a Mambila doguwa ce, hazo yana iya rufe hanya cikin 'yan mintuna, ƙasa kuma takan zaftare a wasu wurare. Rani ya fi dacewa da baƙo.

Kafin tashi, bakanike ya duba birki gaba da baya, taya, cen, baƙin mai da fitila. Tayar da ta suɗe ba ta zuwa dutse. A riƙi tiyub, famfo, fulogi da wayar kuloci, domin bakaneza ba a kowane ƙauye yake ba, a kuma cika tanki duk inda aka samu mai. A ɗauki takardun babur, lasisi da katin shaida, tunda shingayen jami'an tsaro suna da yawa kuma yankin yana kan iyaka da Kamaru. Jihohi da dama sun taƙaita zirga-zirgar babura saboda tsaro, a cikin Jos da Bukuru ma an daɗe da hana acaɓa, don haka a tambaya kafin a shiga gari. Direbobin tasha sun fi kowa sanin halin da hanya ke ciki a wannan makon, su za a tambaya. A tashi bayan sallar asuba, a sauka kafin magariba. Tafiyar dare a wannan zamani na masu garkuwa da mutane ba jarumta ba ce.

In kuma tsautsayi ya gitta, abin farko shi ne a tura mutum gaba da baya su tsayar da motoci, kada a haɗa gawa biyu. Kada a fizgi wanda ya faɗi, kada a zaunar da shi da ƙarfi, kada a ɗura masa ruwa a baki. Hular kansa a bar ta sai in ta hana shi numfashi, domin jan ta yana iya ƙarasa wuyan da ya samu rauni. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta. Wanda ya bugu a ka, ko ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, asibiti za a kai shi, tunda jini yana iya taruwa a ciki sai bayan awanni ya kayar da shi. Karaya ma a fara yin hoto kafin a yi zancen mai ɗori. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin ba da kulawar gaggawa.

Duk mai shirin wannan tafiya ya adana lambar 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra da 112 ta kiran gaggawa, ya kuma sani akwai wurare a kan tsauni da babu sabis ko kaɗan. Saboda haka ku bar wa iyaye ko wani babba a gida sunayen duk 'yan tafiyar, da hanyar da za ku bi, da garin da za ku kwana, ku kuma kira su a kowane zango kafin ku ci gaba.