Wasa kyauta, kati dala 300

A farkon 2025 ne masu sayen sabbin katunan hoto na Nvidia, jerin RTX 50, suka tarar tsofaffin wasanni irin su Mirror's Edge da Borderlands 2 suna tafiyar hawainiya da zarar an kunna PhysX, tsarin lissafa motsin abubuwa a cikin wasa. Kamfanin ya janye tallafin tsohon tsarin 32-bit daga sabbin katunan. Wanda ya zuba dala 1,999 a kan RTX 5090 sai ga shi yana cigiyar tsohon kati ya jona a gefe. Masu ƙorafi suka ce an ci amanarsu. A ganina babu wata amana tun farko, domin PhysX tallan kaya ce tun ranar da aka haife ta.

Kamfanin Ageia na Amurka ya fito da katin PhysX a 2006, Asus da BFG suna ƙera shi, farashinsa wajen dala 300. Aikinsa ɗaya ne: lissafa yadda abubuwa ke motsi a cikin wasa, yadda bango ke rushewa, ruwa ke malala, ƙyalle ke yagewa. Sai dai babu wasan da ke buƙatarsa. Don haka Ageia ta ɗauki nauyin nata wasannin. A 2007 aka saki CellFactor: Revolution da Warmonger, wasannin harbi da ɗan wasa ke kallon fili ta idon mai riƙe da bindiga, dukkansu kyauta. A Warmonger, wanda NetDevil ta yi, abokin gaba zai laɓe bayan gini, ka ɓarke bangon da wuta, bulo ya zube, maɓoyarsa ta zama fili. Abin ya burge, ba a musu.

Ana yawan cewa tsada ce ta kashe katin, ko kuma fitowar kwamfutoci masu ƙwaƙwalwa biyu da huɗu a daidai lokacin. Duk sun taimaka. Amma babbar matsalar tana wajen masu haɗa wasanni. Kamfanin da ya kashe miliyoyi ba zai gina wasansa a kan katin da 'yan tsiraru suka mallaka ba. Idan rushewar bango ce ke raba mai nasara da wanda aka kashe, dole kowane ɗan wasa ya ga bangon ya faɗi iri ɗaya, mai kati da maras kati. Tunda hakan ba ta samuwa, sai aka mayar da PhysX kayan ado: ƙarin tartsatsi, ƙarin ƙura, takardu na shawagi a iska. A Ghost Recon Advanced Warfighter na 2006, masu gwaji sun ga tarkace ya ƙaru amma gudun wasan ya ragu. Wato ka biya kuɗi ka sayo nauyi. Abin kunya ma, masu bincike sun gano cewa samfurin farko na CellFactor yana tashi ba kati in an sauya umarni guda, ban da ƙyalle da ruwa. Wasan kyauta ya nuna abin da katin zai iya. Bai sa kowa ya ji ba zai rayu ba sai da shi.

A Fabrairun 2008 Nvidia ta saye Ageia, ta mayar da lissafin cikin katunanta na GeForce, masu tsohon katin suka tashi a tutar babu. A 2009 kuma ta toshe PhysX ga duk wanda babban katinsa na kamfanin ATI ne, ko da ya sayi na Nvidia ya haɗa.

Masu kare kamfanin suna da ɗan abin faɗa. PhysX ba ta mutu ba: an buɗe lambobinta ga kowa a 2018, manhajar haɗa wasanni ta Unity tana aiki da ita, kuma da ita Nvidia ke kwaikwayon motsin mutum-mutumi a manhajarta Isaac Sim kafin a kai su masana'anta. Gaskiya ne. Sai dai fasahar ce ta tsira, ba wanda ya fara fitar da kuɗinsa ba.

Nan ne maganar ta shafi unguwannin masana'antu na Sharada da Challawa da Bompai. Salon cinikin ɗaya ne da wanda masu masana'antu suka sani: dillali ya kawo inji, ya ba da manhaja da horo kyauta, ya gwada shi da kayan da ya zaɓa da kansa, a kan wutar da ba ta ƙiftawa. Abin da ba a gwadawa shi ne ranar da allon sarrafa injin ya ƙone, aka tarar kamfani ɗaya ne ke yin sa a duniya, shi ma wani ya saye shi ya daina yin samfurin. Mai wasa asararsa dala 300 ce da ɓacin rai. Mai majemar fata a Challawa ko mai robobi a Sharada, wanda tun ƙarin kuɗin wutar rukunin A na Afrilun 2024 yake lissafin kowace awa, layi guda ne zai tsaya masa, ma'aikata na zaune, albashi na tafiya, ana jiran wani injiniya ya samu biza.