Bayan An Gama Jinyar Ciwon Daji: Sauran Aikin Da Ke Gabanmu

Sa'ad da wani namu ya dawo daga asibiti aka ce an ci ƙarfin ciwon daji, mukan yi sujadar godiya, kowa ya koma gida da murna. Amma sau da yawa daga ranar nan gaisuwa da taimako sukan tsaya, alhali jikin bai gama fama ba. Tiyata, da allurar kemo, da gashin da ake yi da na'ura a manyan asibitoci kamar na Shika a Zariya, suna kashe ciwon, amma suna taɓa lafiyayyen jiki ma. Larurar da suka bari takan ɗauki watanni ko shekaru. Wannan ba sammu ba ne, ba kuwa rashin bangaskiya ba, kuma ba a ɗaukarsa ta cin abinci a kwano ɗaya. Za mu fi magana a kan mata, gama dajin nono da na bakin mahaifa su ne suka fi kama mata a Nijeriya.

Gajiya

Wannan gajiya barci ba ya kawar da ita, don haka kada mu ce ƙyuya ce. Kwanciya duk yini tana ƙara ta. Abin da ke taimako shi ne 'yar tafiya kowace rana, a fara da minti 10 ana ƙarawa a hankali, da cin wake, gyaɗa, ƙwai da ganye. In ta yi tsanani a auna jini, mai yiwuwa ya yi ƙasa.

Kumburin hannu

A aikin nono akan cire kaluluwar da ke hammata. Ita ce hanyar da ruwan jiki ke bi ya bar hannu. In babu ita ruwan yakan taru, hannu ya kumbura ya yi nauyi, wani lokaci bayan shekaru da yin aikin. A riƙa wanke hannun, a shafa man kaɗanya don kada fata ta tsage. A kiyaye shi daga yanka, ƙaya da ƙunar murhu, a cire zobe ko awarwaro mai matsewa. In an kwanta a ɗora shi bisa matashi. Motsa shi a hankali yana da amfani, amma kada a koma daka ko jan guga gaba ɗaya, sai kaɗan kaɗan. In hannun ya yi ja, ya yi zafi, ga zazzaɓi, ƙwayar cuta ce ta shiga. A je asibiti a ranar, kada a tsaga shi a gida.

Mutuwar yatsu

Kemo yakan taɓa jijiyoyi, yatsun hannu da ƙafa su yi dindiris ko su riƙa tsira kamar allura. Mai wannan larura tana iya taka ƙaya ko garwashi ba ta sani ba. Ta riƙa sa takalmi, ta duba tafin ƙafarta kowace yamma.

Zaman aure

Kemo ko gashin mara yakan tsai da al'ada tun shekaru ba su kai ba, ya kawo zufar dare, bushewar gaba da zafi wajen saduwa. Akwai taimako a asibiti, a faɗa wa ma'aikaciyar jinya ba kunya. Maigida, haƙurinka da ƙaunarka suna cikin maganin.

Kada a yanke zuwa asibiti

Wasu akan ba su ƙwayar tamoxifen su sha kullum har shekara 5 zuwa 10 don kada dajin nono ya dawo. Kada a bari don an ji sauƙi, ko don an yi addu'a. A shekarun farko likita yakan so ganin mutum bayan kowane wata 3 zuwa 6. Amma kada a jira ranar in an ga sabon ƙullutu, zubar jini daga gaba, ciwon ƙashi ko tari da ya ƙi tafiya, ramewa ba dalili, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi. Ba lallai ne ciwon ya dawo ba, amma likita ne zai tantance.

Namu aikin

Iyali da yawa sun sayar da awaki da hatsi kafin a gama jinya, sai kuɗin mota ya hana su komawa. Dattawan ikilisiya za su iya ware wani abu daga baiko domin wannan. Matasa su yi gayya a gonarta da damina. Zumuntar mata su raba ranakun ɗebo ruwa da daka, wata kuma ta raka ta asibiti. Mu zauna mu saurare ta, gama tsoron dawowar ciwon yakan hana barci, mu yi addu'a tare. Fasto ya rubuta ranar komawarta asibiti, a tuna mata.

Ubangiji ya ba mu zuciyar ɗaukar nauyin juna har ƙarshe. Amin.