"Cikin Nawa?": Tambayar Da Za Ki Yi Kafin A Kai Yaro Jami'ar Kuɗi

Yau zancenmu na boko ne, kuma akwai ɗan lissafi a ciki, amma kada wata ta ce ba da ita ake ba. Matar da ke riƙe da adashin mutum 20 a ka ba tare da ta rubuta ba, ta san wadda ta zuba da wadda ke jan ƙafa, ai ba lissafin da zai gagare ta.

Abin da ya kawo maganar shi ne, in aka ce za a kai yaro ko yarinya jami'a mai zaman kanta, wadda muke kira jami'ar kuɗi, sau da yawa ba aljihun maigida kaɗai ke amsawa ba. Ke ma ana juyowa kanki. Wata sarƙar gwal ɗinta za ta sayar, wata filin gadonta, wata tumakin da ta shekara biyar tana kiwo. Amma da yawanmu ba za mu taka ƙofar jami'ar ba sai ranar yaye ɗalibai, in ma an je da mu. Abin da ke iske mu har ɗaki shi ne takardar talla mai sheƙi, ko hoto a wayar yaro: ga gini, ga furanni, ga alƙaluma manya-manya. "Kashi 95 na ɗalibanmu sun yi nasara." To, waɗannan alƙaluman nake so mu zauna mu tsefe su.

Jami'o'in kuɗi ba su daɗe ba a Najeriya. A 1999 aka ba uku na farko lasisi, wato Igbinedion da Babcock da Madonna, duka a kudu. A nan arewa, Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke Yola ta fara ɗaukar ɗalibai a 2005, a shekarar ce kuma aka kafa wadda yanzu ake kira Al-Qalam a Katsina. Skyline ta zo Kano a 2018. Zuwa 2024 yawansu a ƙasar ya haura 140. Dalilin da iyaye ke rububinsu kuwa ba ɓoyayye ba ne. A 2020 malaman jami'o'in gwamnati sun yi yajin aiki na wata tara, a 2022 suka sake yin na wata takwas. Uwar da ta ga ɗanta ya zauna gida wata takwas yana zaman majalisa, ko 'yarta ana ta cewa a aurar da ita tunda karatun ya ƙi ƙarewa, ba sai an yi mata bayani ba. Wannan amfani ne na gaske, kada a raina shi. Ba ina zugaki ki ƙi jami'ar kuɗi ba ne. So nake ki saya da ido buɗe, kamar yadda ba kya sayen atamfa a duhu.

Mu fara da shiga. Kowace jami'a, ta gwamnati ko ta kuɗi, ƙofa ɗaya ce: jarrabawar JAMB, wadda makinta 400 ne, da kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci, da Lissafi ga mafi yawan kwasa-kwasai, a zaman da bai wuce biyu ba. A 2025 yara kusan miliyan biyu suka zauna JAMB, kuma fiye da bakwai cikin kowane goma ba su kai maki 200 ba. A shekarar an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, kowace jami'a kuma tana iya ɗaga nata sama da haka. Saboda haka in yaronki ya ci 170, kada ki ɗauka shi kaɗai ne, kada kuma a cika shi da gori.

Sai dai ki lura da wani abu. A Bayero ko Ahmadu Bello ɗalibai ne ke neman jami'a. A jami'o'in kuɗi da yawa, jami'ar ce ke neman ɗalibai. A watan Agusta na 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya ce jami'o'i 199 ba su samu masu nema 100 ba ta hanyar JAMB, 34 kuwa ko mutum ɗaya bai zaɓe su ba. Kin ga ke nan in yaro ya shigo da murna ya ce an ɗauke shi cikin kwana biyu, to a yi masa barka, amma saurin ɗauka ba shi ne shaidar ingancin wuri ba. Kuma ke mai biya ce, kina da bakin tambaya.

Tambayar ita ce: cikin nawa? Duk adadin da aka faɗa miki, ki ce cikin nawa. Bari in kawo misali da abin da kika sani. A ce kazarki ta kwanta a kan ƙwai 12, ta ƙyanƙyashe 9, shaho da sanyi suka ɗauke 4, biyar suka girma. In maƙwabciya ta leƙo ta ga biyar ɗin nan ɓul-ɓul, za ki iya ce mata duk kajina lafiyayyu ne, kuma ba ki yi ƙarya ba. Amma ke kin san daga 12 aka faro. Haka alƙaluman jami'a suke. Akwai waɗanda suka nema, akwai waɗanda aka ba gurbi, akwai waɗanda suka biya kuɗi suka yi rajista aka rantsar da su, sannan akwai waɗanda suka kai ƙarshe. Adadi huɗu ne daban-daban, kuma mai talla yakan zaɓi wanda ya fi yi masa kyau. A ce an rantsar da yara 200 a wani kwas, bayan shekara huɗu 120 suka zauna jarrabawar ƙarshe, 114 suka ci. Takardar talla za ta ce kashi 95 sun yi nasara, gaskiya ne in da 120 aka auna. In kuwa da 200 aka auna, kashi 57 ne. Ina sauran 80 ɗin suka shiga? Wasu kuɗi ne ya yanke wa iyayensu a aji biyu, wasu an kore su, wasu suna maimaita shekara, kuma kowace shekarar da aka maimaita sai an sake biya. Wannan adadin da ba a bugawa a takarda shi ne ya fi shafarki, don ba ki san ko naki zai faɗa ciki ba.

In 'ya mace za ki kai, ki ƙara da tambayar mata nawa suka shiga, mata nawa suka gama. Ki ji ko suna ba da damar jingine karatu na zango ɗaya ko shekara in aure ko haihuwa ta zo, kuma ko kuɗin da aka riga aka biya yana bin ruwa. Yarinya mai shekara 18 da aka kai kwas na shekara biyar, mu da ku mun san ba lalle ta gama tana gidan ubanta ba. Gara a yi wannan magana da maigida, har da manemin in akwai shi, tun kafin a zuba kuɗin farko.

Yanzu ga wurin da nake so ki ajiye tsintsiya ki saurara da kyau, don nan ne aka fi kuka. Wasu kwasa-kwasan suna da ƙa'idar yawan ɗaliban da za a ɗauka, kuma ba jami'ar ce ke yanka wa kanta ba. Karatun likita akwai majalisar likitoci da ke cewa ga iya adadin da za ku ɗauka. Aikin jinya da ungozoma akwai tasu. Karatun lauya kuma akwai Majalisar Ilimin Shari'a, wadda ke riƙe da Makarantar Horar da Lauyoyi, inda dole duk mai digirin lauya ya bi kafin ya tsaya gaban alƙali. In jami'a ta ɗebi fiye da abin da aka yanka mata, yaran za su yi karatu, za su ci jarrabawa, za a sa musu riga da hula a ɗauki hoto, sannan su dawo gida su zauna jiran layi. Ba tatsuniya ba ce. A watan Nuwamba na 2023 Majalisar Ilimin Shari'a ta sanar da dakatar da Jami'ar Baze ta Abuja daga ɗaukar ɗaliban lauya, ta ce an yanka mata 50 a shekara amma ta riƙa wucewa, har ɗalibai fiye da 300 suka taru suna jiran shiga Makarantar Lauyoyi. A Janairun 2025 kuma JAMB ta dakatar da ɗaukar ɗaliban lauya a jami'o'i takwas, cikinsu har da na gwamnati, don kada ki ce na kuɗi kaɗai ke yi. Kin ga a nan yawan ɗalibai ba abin alfahari ba ne. In aka ce miki ajinsu cike yake maƙil, ki ce nawa aka yanka muku, nawa kuka ɗauka bana?

Haɗe da wannan akwai tantancewa. Lasisin jami'a daban, amincewa da kwas daban. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, tana bin kwas-kwas ɗaya bayan ɗaya, ta duba malamai da ɗakin karatu da ɗakin gwaje-gwaje. Wanda ya cika sharuɗɗa a ba shi cikakkiyar amincewa ta shekara biyar, wanda ya ɗan gaza a ba shi ta wucin gadi ta shekara biyu, wanda ya faɗi a hana shi ɗaukar sababbin ɗalibai. Jami'a ɗaya tana iya samun duka ukun a cikinta. Don haka kada a ce miki "ai gwamnati ta san da mu" ki yi shiru. Ki ce kwas ɗin ɗana fa, a wane mataki yake? Hukumar nan tana da ma'auni na malamai ma: a fannonin harshe da zamantakewa malami ɗaya ga ɗalibai 30, a likitanci ɗaya ga 10. In sun faɗa miki nasu adadin, ki tambaya malaman nasu ne na dindindin, ko masu zuwa ne daga jami'ar gwamnati ranar Juma'a su koma Lahadi? Ba laifi ba ne a ɗauko ƙwararre daga waje, amma yaro yana bukatar malamin da zai same shi a ofis ranar Talata.

Maganar masu digiri mai daraja ta ɗaya, wato fas kilas, ba zan daɗe a kanta ba. Ana samunta ne da maki 4.50 zuwa sama cikin 5. Jami'o'in kuɗi suna son shelanta yawan nasu, masu suka na cewa sauƙaƙawa ake yi, masu kare su na cewa ƙarancin ɗalibai a aji da rashin yajin aiki ne. Ni dai ra'ayina, wannan adadin bai kai a sayar da fili saboda shi ba.

Haka batun samun aiki. In an ce kashi kaza na waɗanda suka gama suna aiki, ki tambaya mutum nawa aka tuntuɓa, nawa suka amsa. Wanda ya samu aikin banki da sauri yake ɗaga waya, wanda ke zaune gida kunya ba ta barinsa. Sannan ki ji ko an ƙirga masu bautar ƙasa a cikin masu aiki, alhali shekara ɗaya ce tak. Kada ki manta kuma, yaran jami'ar da ake biyan miliyoyi yawanci iyayensu na da hanya. Aikin da suka samu ba lalle digirin ne ya samo musu ba.

Tunda an ambaci bautar ƙasa, ita ce ma'aunin da ya fi sauƙin dubawa daga cikin gida. Ba a tura yaro sai sunansa yana cikin rajistar JAMB ta waɗanda aka ba gurbi bisa ƙa'ida. Tun 2017 hukumar ta ɓullo da tsarin da ake kira CAPS, inda duk gurbin gaskiya yake bayyana a intanet, yaro ya shiga da kansa ya danna ya karɓa, sannan ya buga takardar JAMB. Takardar da jami'a ta ba shi da tambarinta, komai kyanta, ba ta wadatar ba. In aka ce a biya tukuna za a gyara na JAMB daga baya, kada ki saki ko sisi. Masu tunanin tsallakawa maƙwabta kuma su tuna, a farkon 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida. Duk jami'ar waje da za a kai yaro, a fara binciken ko Ma'aikatar Ilimi za ta karɓi takardarta.

Kuɗin kansa a lissafa shi har ƙarshe. A tambaya na zango ne ko na shekara, da ɗakin kwana da abinci ko babu, kuma sau nawa aka ƙara shi a shekara huɗun da suka wuce. Lauya da injiniya da jinya shekara biyar ne, likita shida. Bashin karatu na gwamnati, NELFUND, da aka fara a 2024, an tsara shi ne ga ɗaliban makarantun gwamnati, don haka kada a sa shi cikin lissafi.

Wata za ta ce, to ni da ba na fita, wa zan yi wa duk waɗannan tambayoyin? Ki faɗa wa yaro ya rubuta su a takarda, ki ba maigida, ko ƙaninki, ko babban ɗanki, su kai ofishin magatakardan jami'ar, a nemi amsa a rubuce. Jami'ar da ke da abin nunawa ba ta jin haushin tambaya. Sannan ki yi abin da maza ba su iya ba kamarki: ki cigita a gidan suna ko biki, ki samo lambar uwar da ɗanta ya gama wannan kwas ɗin a can, ki kira ta. Ki ce, Hajiya, su nawa suka fara da shi, su nawa suka gama tare? Wata nawa ya jira kafin takardar bautar ƙasa ta fito? In kin samu uwar wanda bai gama ba, ita ma ki gaishe ta cikin mutunci ki ji nata, don ta fi kowa sanin inda ramin yake.

In an yanke shawara an biya, ki karɓi takardar JAMB ɗin da rasit na kowane zango, a yi musu hoto biyu, ki sa ɗaya a leda ki jefa ƙasan akwatinki inda kike ajiye takardar fili. A ƙarshen kowane zango kuma ki ce ya buɗe miki sakamakonsa a waya ya karanta miki da baki, ki ji ko akwai darasin da ya faɗi zai maimaita. Mu kwana nan, a gaida yara da maigida.