Mai Bashin Ɗaki Ba Ta Iya Cewa A'a

A ƙarshen shekarun 1990, masu bincike sun gwada jinin mata masu zaman kansu fiye da 1,000 a Accra. Matan kashi biyu ne: masu zama a ƙofar ɗaki suna jiran baƙo, da masu yawo a titi da mashaya. Cikin masu zaman ɗaki, 74 daga kowace 100 na ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Cikin masu yawo, 26.

Abin ya ragu sosai. Binciken ƙasa na 2011 ya samu kashi 11 cikin ɗari, na 2015 kusan 7, wani da ya biyo baya ƙasa da 5. Wani ɓangare na yabon ya tabbata ga WAPCAS, shirin da aka fara a 1996 da kuɗin Kanada, wanda ya gane cewa waɗannan mata sun fi jin maganar 'yar uwarsu, sai ya horar da wasu daga cikinsu suna raba kwaroron roba, suna raka sauran asibiti. Duk da haka, a tsakanin sauran manyan Ghana cutar ba ta kai kashi 2 ba.

Kada a ce jahilci ne. Da wuya ka samu mace a kewayen unguwar Circle ta Accra da ba ta san amfanin roba ba. Matsalar ita ce ciniki. Namiji ya ce zai ninka kuɗi in babu roba, ita kuwa mai gida ya ba ta wa'adi, kuma a Accra akan biya hayar shekara guda ko biyu a dunƙule. Ga yara biyu da tsohon miji ya manta da su tun ranar da ya ba ta takarda. Wadda ta kwana da yunwa ba ta da bakin ja-in-ja. Haka yarinyar da ta zo daga Arewacin Ghana yin kayayo, wato dakon kaya, tana kwana a gaban shago a kasuwar Agbogbloshie: wani lokaci farashin wurin kwanan jikinta ne.

Sai kuma saurayi. Bincike ya sha nuna cewa wadda ke dagewa da baƙo takan sassauta da wanda take so, domin a wurinta neman roba zargi ne.

Dokar laifuka ta 1960 ta haramta neman maza a fili, saboda haka wadda aka yi wa duka ko fyaɗe takan haɗiye, ba ta zuwa caji ofis.

Namu laifin a Zango shi ya fi ci mini rai. Gwaji kyauta ne, maganin ma haka, kuma mai shansa kullum har ƙwayar ta daina bayyana a jini ba ya sa wa abokin kwanciyarsa. Akwai ma ƙwayar rigakafi ta PrEP. Amma mace a unguwar Nima za ta wuce asibitin Maamobi da ke kusa da ita, ta biya kuɗin motar trotro zuwa wata unguwa, ko ta haƙura gaba ɗaya, don kada maƙwabciya ta gan ta a layi. Muna kiranta karuwa, ba ma tambayar su wane ne ke ƙwanƙwasa mata ƙofa bayan isha'i, alhali da yawansu magidanta ne, kuma gida suke komawa, wurin uwargida da amarya waɗanda ba a taɓa gwada su ba.