Jera Sunayen Zuri'a a Kwamfuta Ba Tare da Hautsina Dangi Ba

Gidaje da yawa sun fara kwashe salsalarsu daga tsofaffin littattafai da bakin dattawa suna zubawa a Excel ko Google Sheets. Galibi wani matashi ake ɗora wa aikin, musamman idan taron zumunci ya gabato ko maganar rabon gado ta taso. Shigar da sunaye ba ya ba da wahala. Matsala tana kunno kai ne ranar da aka ce a jera su, domin danna maɓalli guda na iya ɗaura wa Hajiya Talatu shekarar haihuwar jikarta, kuma wani lokaci kwamfuta ba za ta ce uffan ba.

A jadawali, kowane mutum yana da layinsa na kwance: suna, sunan uba, sunan uwa, shekarar haihuwa, shekarar rasuwa, gari. Idan ka zaɓi layin tsaye na sunaye shi kaɗai ka jera, sunayen za su sauya wuri, sauran bayanai su tsaya inda suke. Excel yakan yi gargaɗi, ya tambaya ko a faɗaɗa zaɓin ya haɗa da sauran layuka, amma masu gaggawa ba sa karantawa. Kana iya komawa baya da Ctrl da Z muddin ba ka rufe fayil ɗin ba. Da zarar ka adana ka rufe, aikin gama ya gama. Saboda haka kafin komai, buɗe layin tsaye na farko ka ba kowa lamba, 1, 2, 3 har ƙasa, kuma ka ajiye kwafi a wani wuri dabam. Lambar nan ce za ta mayar da kowa mazauninsa na asali duk sanda ka so.

Me ya sa jerin suna kaɗai ba ya wadatarwa? Duba yadda muke raɗa suna. A zuri'a guda za ka tarar da Muhammadu goma, A'isha bakwai, yawancinsu an mayar musu da sunan kaka ne, shi ya sa ake kiransu Abba, Ummi, Baffa ko Walida. Ba mu da sunan dangi guda da ke bin kowa kamar na Turawa. Sunan uba ne ke biye da na ɗa, shi ma yana sauyawa daga tsatso zuwa tsatso. Dole ke nan a jera da matakai.

A Excel, shiga Data, danna Sort, ka tabbatar an nuna cewa layin sama kanun bayanai ne, sannan ka riƙa danna Add Level. Tun daga Excel na 2007 ana iya kai wa mataki 64, ko da yake uku ko huɗu sun ishi kowane gida. A Google Sheets ana samun haka a ƙarƙashin Sort range. Matakin farko shi ke da iko. Na biyu ba ya tsoma baki sai inda na farko ya yi kunnen doki, haka na uku ga na biyu. Tsarin da ya fi dacewa da gidajenmu shi ne uba tukuna, sai ɗaki, sai shekarar haihuwa. Ta haka 'ya'yan Malam Sani za su taru wuri guda, 'yan ɗakin uwargida a sama, na amarya a ƙasa, kowane ɗaki daga babba zuwa auta. Amma kada ka dogara da sunan uba ko na uwa zalla, tunda Sanin ma yana iya zama uku. Yi amfani da lambar uban, ɗakuna kuma ka ba su 1 zuwa 4 ko fiye, har da na matan da aka rabu da su ko suka rasu.

Kwanan wata shi ne babban tarko. Lissafin Excel yana farawa ne daga 1 ga Janairu 1900. Duk cikakken kwanan da ya gabaci wannan, rubutu kawai yake ɗaukarsa, sai ya jera shi a rukuni dabam. Wanda salsalarsa ta kai zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da ya rasu a 1817, ko Sarkin Kano Ibrahim Dabo, da ya hau gadon sarauta a 1819, zai ci karo da wannan. Maganinsa mai sauƙi ne: raba shekara, wata da rana zuwa layuka uku na lambobi zalla. Shekarar Hijira ta samu nata layin, kada a cakuɗa 1350 da 1931 a wuri guda.

Dattawa kuwa ba da lamba suke ƙirga ba. Za a ce maka an haifi Kaka shekarar da Turawa suka ci Kano, wato 1903, ko lokacin yunwar Kakalaba, wajen 1914. Rubuta lambar ita kaɗai a gurbin shekara, kalmar “wajen” da labarin da aka ba ka su tafi layin ƙarin bayani. Da ka rubuta “wajen 1914” a gurbi guda, ya tashi daga lamba ya koma rubutu. Inda ba a san shekara ba, bar gurbin fanko. Excel yana tura irinsu ƙarshe. Kada ka cike da ƙiyasi don jadawali ya yi kyau, domin a rabon gado, sanin wanda ya riga wani rasuwa yana iya sauya wanda zai gada.

Akwai wata dabara da wani Bafaranshe, Jacques d'Aboville, ya tsara a 1940, wadda ta dace da zuri'ar da ake ƙirgawa daga kaka guda. Kakan shi ne 1, ɗansa na biyu 1.2, ɗa na uku na wannan ɗan 1.2.3. Jera jadawalin bisa layin waɗannan lambobi kaɗai yana fito da reshe-reshe. Sai dai a gidan da 'ya'ya suka haura tara, 1.10 zai sha gaban 1.2, don haka rubuta 01.02 da 01.10. Mayar da layin zuwa tsarin Text kafin ka fara bugawa, in ba haka ba kwamfuta na iya ɗaukar 01.02.10 a matsayin kwanan wata.

Rubutun suna ma a daidaita shi. Muhammad, Muhammadu, Mamman da Moh'd wurare huɗu za su faɗa. Zaɓi salo guda, laƙabi da Alhaji ko Malam su koma nasu layin, in ba haka ba rabin dangi za su taru a harafin A. Kada ka bar layin kwance fanko a tsakiya don raba gida da gida, domin Excel kan tsayar da zaɓinsa a nan, ya jera na sama ya bar na ƙasa. Gurabun da aka haɗe su zama ɗaya kuwa sukan sa ya ƙi jerawa gaba ɗaya. Bayan ka gama, zaɓi mutum biyar da ka san tarihinsu da ka, ka duba ko uwa da shekarar kowannensu suna nan daidai kafin ka tura fayil ɗin a zauren WhatsApp na dangi.