Tsohuwar ordinatar a biro: kar a share abin da ba a sani ba

Yau da gobe na kai ma'aikaci ga gadon tsohuwar na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda ake kira ordinatar ko kwamfuta. Da ya buɗe faifan ajiyarta sai ya tarar da fishiyoyi masu baƙin suna, babu wanda ya san mai su. Mai gaggawa sai ya share don samun wuri. Alhali kuwa a cikinsu ana iya samun lissafin albashi ko rajistar haifuwa da babu kwafinta ko'ina.

Waɗansu na'urar ce da kanta ta halicce su. A Windows XP, wanda ya fito a 2001, kamfanin Microsoft kuma ya daina kula da shi ran 8 ga Afrilu 2014, ana ganin pagefile.sys, wato wurin da na'ura ke sauke kaya in ƙwaƙwalwarta ta cika. Akwai hiberfil.sys, inda take adana aikin da ke buɗe in an sa ta dogon barci. Waɗannan biyu ba a taɓa su. Thumbs.db kuwa ƴan ƙananan hotuna ne na dubawa, share shi ba ya ɓata hoton asali.

Inda ake son hattara shi ne dosiye mai suna FOUND.000. In wuta ta ɗauke ana cikin rubutu, fishiye na iya tsinkewa. Shirin CHKDSK shi ke tsince guntayen, ya ba su suna FILE0000.CHK, FILE0001.CHK, haka har su ƙare. Sunan ya ɓace, amma sau da yawa abin ciki yana nan.

Ana gane shi ta farkon rubutunsa. A buɗe kwafinsa da Bloc-notes, a duba layin farko, a rufe ba tare da ajiye wani canji ba. In an ga %PDF, takarda ce ta PDF. JFIF ko Exif alamar hoto ce. PK na nuna ƙunshin ZIP, ko takardar Word ta docx. MZ kuwa shiri ne mai aiki, kar a kunna shi sai masani ya duba. Sa'an nan a canza wutsiyar sunan ta dace, a gwada buɗewa.

Saboda haka shugabannin ma'aikatu su kafa doka: a kwashe kome a wani faifai dabam tukuna, a bincika kwafin, sa'an nan a share. Dukiyar jama'a amana ce.