Baƙon malamin Turanci da akushin masu gari

Tun kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba, 1996, har zuwa yau, kaso mai tsoka na Turancin da ke bakin 'yan bokon Gusau da Tsafe da Bunguɗu daga bakin baƙi aka ɗauko shi. Iyayenmu da suka shiga makarantun Arewa a shekarun 1960 sun tarar da Turawan Ingila da matasan Amurka na shirin Peace Corps. Bayan da aka buɗe ƙofar firamare ga kowa a shirin UPE na 1976, makarantu suka yi yawa, malamai suka yi kaɗan, sai aka cike giɓin da Indiyawa da 'yan Pakistan da mutanen Ghana. Indiyawa sun fi riƙe lissafi da kimiyya, Turanci kuwa an san mutanen Ghana da shi, har zuwa watan Janairun 1983 da gwamnatin Shehu Shagari ta umarci baƙin da ba su da takardu su bar ƙasar. Mu da muka yi sakandare a shekarun 1990 a hannun masu yi wa ƙasa hidima muka faɗa, 'yan Kudu, waɗanda yara ke kira "kofa".

Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne yadda ake tuna waɗannan malamai. Zauna da duk wani tsohon ɗalibi ka tambaye shi malamin Turancin da ya fi amfana da shi. Ba zai gaya maka jami'ar da malamin ya fito ba, domin bai ma sani ba. Zai ce maka, "Wannan ai har hoce yana ci," ko "Ai da mu ake zuwa shan fura ranar kasuwa." Wanda ya kulle kansa a gidan malamai yana dafa abincin garinsu shi kaɗai, ko da ya fi kowa iya nahawu, sunansa ma ya ɓace. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin son da Bahaushe ke yi wa mai girmama abincinsa kawai. Akwai wannan, amma maganar ta fi haka zurfi, kuma ta shafi aikin koyarwar kansa.

Tarihin Peace Corps a ƙasar nan ma da rikicin cin abinci ya fara. A watan Oktoban 1961, wata budurwa daga rukunin farko, Margery Michelmore, ta rubuta kati zuwa gida tana bayyana ƙazanta da talaucin da ta ce ta gani a Ibadan. Katin bai kai Amurka ba, ya faɗa hannun ɗaliban kwalejin jami'a ta Ibadan, suka buga shi suka rarraba, gari ya ɗauki zafi. Ɗaliban suka ƙaurace wa baƙin, har a ɗakin cin abinci. Martanin da ya fito daga ɓangaren Amurkawan shi ne yajin cin abinci, kuma bayan 'yan kwanaki aka zauna aka yi magana. Ɓangarorin biyu sun fahimci abu guda: wanda ba za ka ci da shi ba, ba za ka ɗauki karatu daga gare shi ba.

Dalilin kuwa a fili yake ga duk wanda ya taɓa riƙe alli. Kuskuren ɗalibi a harshe na biyu ba daga sama yake faɗowa ba, daga harshen uwa yake tasowa. Yaron Bunguɗu da ya miƙe zai fita aji ya ce da Turanci wai yana zuwa, "ina zuwa" ya fassara. Wanda ya kasa raba kalmar bayar da aro da ta karɓar aro, ai a Hausa "ara" da "aro" 'yan gida ɗaya ne. Wanda ke cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu, dokar da ta ba mu "burodi" da "tebur" yake bi, haka kuma mai musanya sautin p da f. Malamin da bai taɓa jin Hausa a bakin masu ita ba zai ɗauki duk wannan daƙiƙanci ne, ya yi ta jan biro ja. Wanda ya zauna a tabarma ya ji mai gida ya ce "ina zuwa" ya shige cikin gida ɗauko ruwa, ranar nan ya gano bakin zaren, gobe kuma zai gyara wa yara sittin a lokaci guda. A aji malam ke magana yara na saurare. A gaban akushi ne kaɗai yake yin shiru ya ji yadda mutane ke gina jimla.

Na ga wannan daga ɗaya gefen lokacin da na yi shekara biyu ina koyar da Turanci a Mbale, a gabashin Uganda, ƙarƙashin shirin taimakon ƙwararru da Nijeriya ta kafa a 1987, zamanin da Farfesa Bolaji Akinyemi ke ministan harkokin waje. Shirin yana tura malamai da likitoci da injiniyoyi ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik. Mbale tana gindin Dutsen Elgon, kusa da iyakar Kenya, kuma nan ne mazaunin Jami'ar Musulunci ta Uganda da aka buɗe a 1988. Wasu daga cikinmu sun sauka da kuka da daddawa da kilishi kamar masu tafiya aikin Hajji, ba su yarda da tukunyar kowa ba sai tasu. Ba na zarginsu; ciki ba ya jin rarrashi. Amma abokan aikinmu 'yan ƙasar sun lura, ɗalibai ma sun lura.

Babban abincinsu matoke ne, wato ɗanyar ayaba da ake naɗewa a ganyenta a turara, a murƙushe, a zuba mata miyar gyaɗa. Ga Bazamfare da ya tashi da tuwon dawa, loma ta farko kamar ba a ci komai ba, sai a mako na uku harshe ke fara gane daɗinta. Suna da posho, wanda tuwon masara ne ba ragi ba ƙari, sai dai da wake suke ci. Abin alfaharin mutanen Mbale kuwa malewa ne, tohon gora da ake sarowa daga kan dutsen, a ƙyafe shi da hayaƙi, a dafa da gyaɗa. Ranar da abokan aiki suka kawo soyayyen nsenene a watan Nuwamba suna jiran su ga na yamutsa fuska, na shaida musu cewa mu ma muna cin fara, har da yaji muke barbaɗa mata. Dariyar da aka yi ranar ta buɗe mini ƙofofin da takardar digiri na uku ba ta buɗe ba. A irin wannan zama ne na gane cewa musanya sautin l da r da ɗalibaina ke yi daidai yake da namu na p da f, kuma wani abokin aiki ya nuna mini yadda yake magance shi, muna wanke hannu.

To, mu dawo gida. A Tsafe aka gina sansanin dindindin na horar da masu yi wa ƙasa hidima na jihar nan. A da, matashi daga Enugu ko Abekuta yakan gama makonni uku a can, a tura shi Kwatarkwashi ko 'Yandoto ko wani ƙauyen Bunguɗu, kafin wata uku ya iya "ina kwana", ya san bambancin miyar sure da ta kuka, ya san cewa abin da Kanawa ke kira kwaɗo mu datu muke ce masa. Yau hanyar Funtuwa zuwa Gusau da ta ratsa Tsafe ta zama abin fargaba. A watan Agustan 2023 an sace matasa takwas daga Akwa Ibom a kan hanya a cikin jihar nan, suna tafiya sansanin Sakkwato. A watan Satumban shekarar aka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen kwanansu a Sabon Gida. Wane uba ne zai ji wannan ya bar ɗansa ya tafi ƙauye? Da yawa suna neman sauyin jiha tun daga sansani. Waɗanda suka tsaya sun taru a Gusau, suna kwana tare, suna cin taliyar leda tare, su shiga aji su fito ba su san sunan unguwar ɗalibansu ba. Yaron Tsafe kuwa jarrabawar WAEC da NECO ɗaya zai zauna da yaron Legas, kuma ba kiredit a Turanci, ba jami'a.

Ba na cewa akushin hoce zai kori ɗan bindiga. Tsaro aikin hukuma ne, kuma dokar ta-ɓaci da Gwamna Dauda Lawal ya ayyana a fannin ilimi a 2023 ba za ta yi ma'ana ba in malami bai iya kwana a garin da yake koyarwa. Amma akwai abin da ke hannunmu, kuma ba sabon abu ba ne. Malamin allo in ya sauka a gari ba ya ɗora tukunya. Gidaje ke karɓa-karɓa wajen aika masa da tuwo, kuma duk gari ya san baƙon wane ne. 'Yandoto ta yi suna da malamai tun kafin jihadi, a ƙasar da ciyar da mai ilimi ke cikin mutuncin gari. Me ya hana shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su ba kowane baƙon malami mai masauki, gida sananne da zai ci abincin dare a cikinsa ko sau biyu a mako, a cikin Gusau da garin Tsafe da garin Bunguɗu inda zama ke yiwuwa? Baƙon da ke da mai masauki yana da wanda zai ce masa kada ya bi hanya kaza yau.

Sai dai baƙo raɓa ne, shekara guda zai yi ya tafi. Dawwamammen malami sai wanda Kwalejin Ilimi ta Maru da ta Tarayya da ke Gusau suka yaye, wanda ya san hoce tun yana goye. Irin waɗannan ne, in sun ƙware, ke zuwa ofishina suna tambayar yadda ake cike takardar tafiya Uganda ko Gambiya, domin alawus ɗin can da dala ake biya. Ina nuna musu, in kuma gaya musu su rage kukar da za su ɗauka. A zangon karatun da ya wuce mutum uku suka zo, biyu daga cikinsu 'yan Tsafe ne.